Zaɓen amfilifayar jita mai kwalabe domin bita a cikin gida

Shekaru fiye da 70 ke nan da ƙirƙiro taransisto, ɗan ƙaramin abin nan da ya kori kwalaben lantarki daga cikin rediyo da talabijin da kwamfuta. Amma har yanzu akwai sana'a guda da ta ƙi rabuwa da kwalaben, wato kiɗan jitar lantarki.

Kamfanoni irin su Fender na Amurka, da Marshall da Vox waɗanda suka samo asali a Ingila, na ci gaba da ƙera amfilifaya masu kwalabe, makaɗa kuma na ci gaba da saye, duk da tsadarsu da nauyinsu da zafin da suke fitarwa.

To sai dai an ƙago waɗannan na'urori ne domin dandali, inda ake neman amo, alhali da yawa daga cikin masu sayensu a ɗaki suke kaɗawa, inda bango ɗaya ne ya raba su da maƙwabci ko jariri mai barci. Sau da yawa mutum kan sayi 'yar ƙarama mai wat 5 yana zaton ya sami maganin matsalar, sai ya isa gida ya tarar ba ya iya murɗa ta ta wuce lamba 2 ba tare da an ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Dalili kuwa shi ne, lambar wat ɗin da ke jikin kwali ba ita ce ke nuna ko amfilifaya za ta yi daɗi a hankali ba.

Mece ce kwalbar?

'Yar kwalba ce ta gilashi, tsawonta kamar ɗan yatsa ko ta ɗan fi, wadda aka zuƙe iskar cikinta sarai. A Ingila ana ce mata bawul, a Amurka kuma tub. Dattawan da suka saurari labarai a manyan rediyoyin katako na shekarun 1950 za su tuna yadda ake kunnawa a zauna a jira kafin murya ta fito. Kwalaben ake jira su yi zafi.

Wani masani ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ne ya ƙirƙiro ta a shekara ta 1904. Shekaru biyu bayan haka Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara mata wata 'yar waya a tsakiya, wadda ke zama tamkar mai gadin ƙofa: ɗan motsi kaɗan a kan wannan waya na iya buɗe ko tsuke hanyar lantarki mai yawa da ke ratsa kwalbar. Ta haka ƙaramin sauti ke zama babba.

Jitar lantarki ba ta da murya ta kanta. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta yana mai da kaɗawarsu wani ɗan lantarki mai rauni ƙwarai, amfilifaya kuma ta ɗaga shi a matakai biyu. Ƙananan kwalabe na matakin farko, galibi samfurin 12AX7, su ne ke fara ɗaga sautin su ba shi launi. Daga nan manyan kwalabe na mataki na biyu, irin su 6V6 da 6L6 da EL84 da EL34, su ba shi ƙarfin da zai iya girgiza lasifika. Tsakanin manyan kwalaben da lasifikar akwai taransifoma, wadda za mu sake komawa kanta, domin ita ce abin da aka fi ƙonawa bisa rashin sani.

Abin da makaɗa ke so game da kwalba abu ne da injiniyoyin farko suka ɗauka aibi. Idan aka ɗora mata sautin da ya fi ƙarfinta, ba ta yanke shi farat ɗaya, sai ta riƙa danne shi sannu a hankali, har ya yi wani irin kaushi mai kauri, ya kuma daɗe yana amsawa. Makaɗi ya taɓa tsirkiya a hankali ya ji sauti garau, ya buga da ƙarfi ya ji ta yi gurnani, ba tare da ya taɓa komai a jikin na'urar ba. Wannan biyayya ga hannu ita ce ake biyan kuɗi dominta.

A tsofaffin amfilifayoyi kuwa, hanya ɗaya ce ta samun wannan kaushi: a murɗe ta kusan ƙarshe.

Gadon dandali

A zamanin da aka ƙera mafi shaharar waɗannan na'urori, babu manyan lasifikokin taro irin na yau, saboda haka amfilifayar makaɗi ita ce ke da alhakin kai sauti ga na can bayan fage. A watan Agustan 1965, lokacin da ƙungiyar Beatles ta yi wasa a filin Shea da ke birnin New York a gaban mutane fiye da dubu 55, amfilifayoyin Vox masu wat 100 da suka zo da su ba su iya rinjayar ihun 'yan kallo ba. A wannan shekarar ce kuma Jim Marshall, mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta birnin London, ya fitar da tasa mai wat 100, bayan da Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya matsa masa yana neman ƙarin amo.

Su ma ƙananan ba domin shiru aka yi su ba. Fender Champ, wadda aka fara fitarwa a 1948 domin 'yan koyo, samfurinta na ƙarshen shekarun 1950 wat 5 ne, da babbar kwalba 6V6 guda ɗaya, da lasifika mai inci 8, da abin murɗawa guda ɗaya tak. Da irin wannan 'yar ƙarama Eric Clapton ya ɗauki faifan Layla a birnin Miami a 1970. Amma a ɗakin ɗaukar faifai aka yi hakan, inda aka toshe bango, ba a ɗakin kwana ba.

Lissafin wat da kunnen ɗan Adam

Nan ne galibin masu saye ke yin kuskure, kuma kuskuren na lissafi ne. Mutum na zaton tunda wat 5 kashi ɗaya ne cikin goma na wat 50, to amonta ma kashi ɗaya ne cikin goma. Kunne ba haka yake aiki ba.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ake samu a kai, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari kaɗan. Sai an ninka wat sau 10 kafin a sami ƙarin desibel 10, kuma wannan ne galibin mutane ke ji kamar amon ya ninka sau biyu.

Ke nan amfilifaya mai wat 5, idan aka murɗe ta, rabin amon mai wat 50 take fitarwa. Mai rabin wat kuma tana ba da kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin mai wat 15 da mai wat 30 kuwa, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Yanzu a dubi alƙaluman. Lasifikar jita mai inci 12 da ta yi suna, Celestion Vintage 30, tana fitar da desibel 100 idan aka ba ta wat ɗaya rak, aka kuma auna daga nisan mita ɗaya. Da wat 5 za ta kai kimanin desibel 107, da wat 15 kimanin 112, da wat 100 kuma 120. Hira ta yau da kullum tsakanin mutum biyu desibel 60 ce ko kusa da haka. Wanda ke son yin bita a kan desibel 70, wato sama da hira kaɗan, kashi ɗaya cikin dubu na wat ɗaya yake bukata daga irin wannan lasifika.

Kashi ɗaya cikin dubu. Duk wata muhawara kan ko wat 5 ya fi wat 15 dacewa da ɗaki, muhawara ce tsakanin abu biyu da dukansu suka wuce bukata sau dubbai.

Daɗin daɗawa, wat ɗin da kamfani ke rubutawa yawanci ana auna shi ne a daidai inda sauti ke fara kaushi. Idan aka tura kwalaben suka wuce nan, abin da ke fitowa ya fi abin da aka rubuta.

Batun kuma ya wuce na maƙwabta, ya shafi lafiyar makaɗin kansa. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce sa'o'i 8 a rana cikin amon desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. A kan desibel 100, minti 15 ne kacal. Wato amfilifaya mai wat ɗaya da aka murɗe a gaban lasifika mai ƙarfi ta isa ta taɓa kunnen wanda ya zauna kusa da ita yana bita kullum. Jin da amo ya lalata kuwa ba ya dawowa.

Daga ina kaushin yake fitowa?

Tunda rage wat kaɗai ba ya wadatarwa, tambayar da ta dace mai saye ya yi ita ce: ta wace hanya wannan amfilifaya ke raba kaushi da amo?

Hanya ta farko ta bayyana ne a shekarun 1970. Randall Smith na kamfanin Mesa Boogie a jihar Kalifoniya ya jera ƙananan kwalabe ɗaya na tura ɗaya, ta yadda kaushin ke samuwa tun a matakin farko. Kamfanin Marshall ma ya fitar da samfura masu irin wannan tsari a 1975. A jikin irin waɗannan za a ga abin murɗawa guda biyu: ɗaya an rubuta masa Gain ko Volume, ɗaya kuma Master. Na farkon shi ke ƙayyade yawan kaushi, na biyun kuma shi ke ƙayyade abin da zai wuce zuwa manyan kwalabe, wato amon da za a ji. A ɗaga na farko a sauke na biyu, sai a sami gurnani a hankali.

Masu tsattsauran ra'ayi za su ce wannan kaushi ba ɗaya yake da na manyan kwalabe ba, kuma sun yi gaskiya. Na matakin farko ya fi siriri da zaƙi, na manyan kwalabe ya fi kauri, ya fi kuma bin hannu. Sai dai yawancin kiɗan rok mai nauyi na shekarun 1980 zuwa yau daga matakin farkon yake samun kaushinsa, saboda haka mai son irin wannan salo bai yi asarar komai ba.

Daga nan ne wani abin mamaki ke fitowa: amfilifaya mai wat 20 ko ma 50 da ke da Master mai kyau na iya fin mai wat 5 marar Master daɗi a cikin ɗaki. Ita mai wat 5 ɗin, irin su Champ ko Epiphone Valve Junior da ta yi kasuwa bayan fitowarta a 2005, abin murɗawa ɗaya ne da ita, kuma ba za ta ba da abin da aka saye ta dominsa ba sai ta kai amon da ɗaki ba zai ɗauka ba.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takardar talla, wato yadda abin murɗawar ke tafiya a farkonsa. A wasu amfilifayoyi, daga sifili zuwa ɗaya shiru ne, daga ɗaya zuwa biyu kuma tsawa. A dandali wannan ba komai ba ne. A gida kuwa duk rayuwar makaɗi tsakanin ɗaya da biyun take, kuma idan sai ya riƙe numfashi kafin ya daidaita, to na'urar ba tasa ba ce.

Hanya ta biyu ita ce makunnin rage wat da ake haɗawa a jikin amfilifayar. Vox AC4TV tana sauka daga wat 4 zuwa 1 zuwa rubu'in wat. Bugera V5 daga 5 zuwa 1 zuwa 0.1. Marshall DSL1 daga 1 zuwa 0.1. Orange Rocker 15 daga 15 har zuwa rabin wat. Kamfanin Blackstar da ke Northampton, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Marshall suka kafa, ya fitar da HT-5 a 2008, daga baya kuma HT-1 mai wat ɗaya. Waɗannan suna taimakawa ƙwarai, amma a tuna da lissafin baya: wat 0.1 a gaban lasifika mai desibel 100 yana ba da desibel 90, wanda har yanzu ya fi ƙarfin ɗakin haya da dare. Saboda haka wadda ta haɗa makunnin rage wat da Master ta fi wadda ke da ɗayansu kawai.

Wanda kuma sauti garau yake so, irin na jaz ko hailaif, ba shi da wannan damuwa sosai. Shi ba ya bukatar tura kwalabe, saboda haka Fender Princeton Reverb mai wat 12, ko wata makamanciyarta, za ta yi masa daɗi a lamba 2. In ya so kaushi jefi-jefi, sai ya sa feda tsakanin jita da amfilifaya, wato 'yar na'urar nan da ake takawa da ƙafa.

Lasifika, rabin maganar

Mutane kaɗan ne ke tambayar wace lasifika ce a cikin akwatin, alhali tasirinta a kan amo bai gaza na wat ba. Lasifikoki sun bambanta wajen yawan sautin da suke fitarwa daga wat ɗaya. Idan wata na ba da desibel 100, wata kuma 94, wannan tazara ta desibel 6 daidai take da rage wat zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Amfilifaya mai wat 5 da ke tura lasifika mai desibel 93, amonsu ɗaya da mai wat 1 da ke tura mai desibel 100.

Ƙananan lasifikoki masu inci 8 galibi sun fi rauni, abin da ya zama alheri ga maƙwabta. Amma suna da nasu naƙasu: ba su da zurfin murya, sautin kan fito kamar daga cikin kwali. Masu inci 10 tsaka-tsaki ne, kuma a ganin makaɗa da dama su ne suka fi dacewa da ɗaki. Masu inci 12 sun fi cika kunne ko da a hankali, sai dai zurfin muryar tasu shi ne ainihin abin da ke ratsa bango. Siririn sauti bango na tare shi, mai kauri kuwa ta cikin siminti da katako yake bi.

Shi ya sa inda aka ajiye amfilifaya ke da muhimmanci. Wadda aka ajiye a daɓe a kusurwar ɗaki tana tura kaurinta ga na ƙasa da na maƙwabta, siririn sautinta kuma yana tafiya ga idon sawun makaɗi, ba kunnensa ba, sai ya ƙara murɗawa domin ya ji. A ɗora ta kan kujera ko wani abu mai laushi, a janye ta daga bango, a karkato ta ta fuskanci kunne, sai a ga an rage amo ba tare da an kashe ko sisi ba.

Akwai kuma wani abu da ba laifin na'ura ba ne. Tun a 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne na rage jin mai kauri fiye da yadda yake rage jin na tsakiya. Wannan ne ya sa duk amfilifaya ke zama kamar ta rame idan aka sauke ta. Daidaiton da ya yi daɗi da rana a wurin bita da 'yan ƙungiya ba zai yi daɗi da dare a ɗaki ba, dole a sake murɗa masu gyara launin sauti.

Na'urar shanye ƙarfi

Wanda ya nace sai ya ji kaushin manyan kwalabe, ko kuma yana da tsohuwar amfilifaya da ba ya son rabuwa da ita, yana da hanya ta uku. Akwai wani akwati da ake sakawa tsakanin amfilifaya da lasifika, wanda ke shanye yawancin ƙarfin ya mai da shi zafi, ya bar kaɗan ya wuce. Daga cikin sanannu akwai Power Soak na Tom Scholz, makaɗin ƙungiyar Boston, da THD Hot Plate, da kuma na baya-bayan nan irin su Torpedo Captor na kamfanin Two Notes da ke Faransa. Masu araha suna shanye ƙarfin ne bai ɗaya, masu tsada kuma suna kwaikwayon yadda lasifika ta gaskiya ke tirjewa, abin da ke sa sautin bai mutu sosai ba.

Idan an rage kaɗan, sakamakon na da kyau. Idan an rage har zuwa raɗa, sautin kan yi siriri, domin lasifikar kanta ba ta motsi yadda ya kamata. Kazalika kwalaben na aiki ne da iyakar ƙarfinsu ko da ɗakin shiru yake, saboda haka sun fi saurin tsufa. Mota ce ake taka wa totur da birki a lokaci guda.

A nan akwai ƙa'ida da ba a wasa da ita. Ba a kunna amfilifaya mai kwalabe a kaɗa ba tare da lasifika ko irin wannan akwati a jone da ita ba. Idan ƙarfin bai sami inda zai tafi ba, yakan koma kan taransifomar da aka ambata a baya ya ƙona ta, kuma tana cikin mafi tsadar kayan da ke cikin na'urar. Dole ne kuma lambar om ta zo daidai, ko 4 ko 8 ko 16, sannan a yi amfani da wayar lasifika, ba wayar jita ba, duk da cewa bakunansu iri ɗaya ne.

Wannan ƙa'ida ta shafi masu son sa abin sauraro a kunne. Sai amfilifayar da aka ƙera da kafar yin haka, kuma takardar kamfani ta ce ana iyawa. Shi ma abin kunnen ba mafaka ba ce daga cutarwa: Pete Townshend ɗin nan da ya nemi wat 100 ya bayyana a 2006 cewa sa abin kunne a ɗakin ɗaukar faifai ne ya lalata masa ji.

Abin da doka ta ce

A ƙasashen da mutane ke zaune a gidajen bene masu haɗe da juna, batun kan kai ga kotu. A Ingila dokar hana amo ta 1996 ta ware daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin lokacin dare. A Jamus hutun dare yana farawa ne daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe.

A watan Oktoban 2018 babbar kotun tarayya ta Jamus da ke Karlsruhe ta yanke hukunci kan ƙarar da maƙwabta suka kai wani mai busa turampet a birnin Augsburg. Kotun ta ce kiɗa a gida wani ɓangare ne na rayuwa da ba za a haramta shi ɗungurungum ba, ta kuma ba da ƙiyasin sa'o'i 2 zuwa 3 a ranakun aiki, da sa'a 1 zuwa 2 a ranakun Lahadi da na hutu, muddin an kiyaye lokutan hutawa na rana da na dare. Mai turampet ba shi da abin murɗawa. Mai jita yana da shi, don haka uzurinsa ya fi ƙaranci.

Wuta da kulawa

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori a hannu na biyu ake sayensu, kuma abu na farko da ya kamata a duba shi ne bayanta, inda aka rubuta ƙarfin lantarkin da take ɗauka. Wadda aka ƙera domin Amurka ko Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100, ta Turai 230. Lantarkin Najeriya da Nijar da Ghana irin na Turai ne, saboda haka wadda aka turo daga Amurka sai an haɗa ta da taransifomar saukar da wuta, in ba haka ba jonawar farko na iya zama ta ƙarshe. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ake dogaro da janareta, sitabilaiza wajibi ce.

Kwalba na cin wuta ko ana kaɗawa ko ba a kaɗawa, domin dole cikinta ya zauna da zafi. Wannan ne ya sa ƙananan amfilifayoyi masu aiki da batir, irin waɗanda makaɗan jita na Abzinawa suka daɗe suna amfani da su, kusan dukansu na taransisto ne ko na dijital.

Manyan kwalabe suna tsufa su bukaci canji, ƙananan kuwa kan yi shekaru masu yawa. A galibin ƙananan amfilifayoyi, cire tsohuwa a sa sabuwa irinta ya wadatar, amma a manya da dama sai mai gyara ya daidaita wutar da ke ratsa sababbin. Wanda bai san aikin ba kada ya buɗe cikin akwatin: akwai bolt 300 zuwa 500 a ciki, kuma wasu sassan na riƙe wutar ko bayan an zare waya daga bango.

Masana'antun da suka rage suna yin kwalaben 'yan kaɗan ne, a Slovakiya da Rasha da Sin. Wata babbar masana'anta ta Sin, Shuguang, ta dakatar da aiki a 2019. A watan Maris na 2022 kuma, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, fargabar katsewar kayan masana'antar Saratov ta Rasha ta sa aka yi rububin saye, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Ajiye kwalba ɗaya ko biyu a gefe ba ɓarna ba ce.

Ko kuwa a haƙura da kwalabe?

Gaskiyar magana, wanda sai bayan ƙarfe 11 na dare yake samun lokacin bita, a ɗakin da ake jin tarin maƙwabci, amfilifaya mai kwalabe ba ita ce amsarsa ba. Tun daga Line 6 POD na 1998, na'urorin dijital masu kwaikwayon kwalabe sun yi nisa ƙwarai. Yamaha THR ta 2011 an yi ta ne musamman domin ajiyewa a kan tebur, Boss Katana ta biyo baya a 2016. A 2019 kamfanin Fender da kansa ya fitar da kwafin dijital na shahararriyar Deluxe Reverb ɗinsa mai wat 22, da makunnin da ke saukar da ita har wat 0.2. Waɗannan ba sa canza hali idan aka sauke su, domin kaushin nasu lissafi ne, ba zafi ba.

Wanda kuwa ke da sa'a ɗaya ko biyu da rana, da maƙwabta masu haƙuri, kwalabe na da abin da za su ba shi, muddin ya gwada kafin ya biya. Kanti ya fi ɗaki faɗi da hayaniya, don haka abin da ya yi kamar a hankali a can zai zama tsawa a gida. Ya je da jitarsa, ya sauke amfilifayar har inda zai iya magana da mai kanti ba tare da ɗaga murya ba, ya nemi sauti garau da mai kaushi duka a wannan matsayi. Manhajar auna desibel ta wayar salula ba ta da cikakken daidaito, amma ta isa ta nuna bambancin 70 da 90. Sannan ya daina kaɗawa ya kasa kunne: ƙugi ko huci da ba a ji cikin hayaniyar kanti, shi ne zai cika ɗakin da tsakar dare.